Wutsiyar Jirgin Neville

Shekara talatin da ɗaya ina tsayawa a bayan kafaɗar yayana Neville ina yi masa ihu a kunne, kuma ko kofin shayi bai taɓa saya mini a kan aikin ba. Shi ke tuƙa jirgi, ni ke kira. Haka tseren ƙananan jirage yake: turke uku a fili, zagaye goma, jirgin bai wuce faɗin hannuwan mutum a buɗe ba amma yana gudun kilomita ɗari uku a awa. Matuƙi yana tsaye a ƙasa da akwatin tuƙi rataye a wuyansa, ba ya iya tantance lokacin da jirginsa ya kai turke na nesa, sai mai kira ya ce masa "Yanzu!" sannan ya karya kwana hagu. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi an gama. Saboda wannan minti ɗayan muke tashi da asuba mu yi tuƙin awa guda zuwa makiyayar tumakin da ƙungiyarmu take aro a bayan garin Kyabram, mu yini ƙudaje suna shiga mana hanci.

Ni dai na gaji tun da daɗewa. Gwiwoyina sun gaji, kunnena na hagu ya tafi da ƙarar injuna, kuma warin man jirgi ya kama duk wata riga da na mallaka. Abin da ya hana ni bari shi ne, tun da matarsa Noelene ta rasu shekara huɗu da suka wuce, babu abin da ke fitar da Neville daga gida sai tseren nan. In aka cire masa shi, kujera da talabijin da gwangwanin wake kaɗai za su rage.

Wata Asabar a cikin Fabrairu, a zagaye na bakwai, ya ja jirgin a kwanar turke na kusa, maimakon ya zagayo sai ya sulale waje kamar sabulu a hannu. Ya tsallaka layin tsaro, ya bi ta kan rumfar da ake gasa tsiren alade da albasa, ƙasa-ƙasa har mutane suka zube a ciyawa. Neville ya kamo shi da ƙyar ya sauke. Babu wanda ya ji rauni. Amma wannan ne karo na biyu a wata biyu, kuma kowa a filin ya iya ƙirga.

Rocco Talarico, mai kula da tsaro na ƙungiyarmu, ya taho yana karkaɗe ciyawa daga cikinsa. Manomin lambu ne, mutum mai sanyin hali, shi ya fi kowa kuka ranar jana'izar Noelene. Ya tsaya yana murza hular kwanonsa a hannu.

"Nev, biyu ke nan."

"Na iya lissafi, Rocco."

"In ka yi na uku, shi ke nan, ka sani. Kada ka dube ni haka. Ba ni na rubuta dokar nan ba, kai ka rubuta ta, da hannunka, a kan murfin akwatin motata."

"Iska ce ta kwashe shi."

Rocco ya ɗaga kai ya dubi tutar iska, tana rataye kamar safar da aka shanya. Ya ce tseren rufe kakar wasa saura mako uku, Neville ya je ya duba jirgin da kyau, sannan ya koma wajen albasarsa.

A mota Neville ya juyo kaina. "Kin makara da kira."

"Ni na makara? A turke na kusa? Yaushe aka fara kira a turke na kusa, tsoho?"

"To jirgin ne. Katakon zamanin nan duk a murɗe yake zuwa."

"Jirgi na uku ke nan da katakonsa ya zo a murɗe."

"Auta, yi tuƙinki."

Shekarata sittin da uku, jikokina biyar, amma har yau Auta nake a bakinsa. Na yi tuƙina. Har muka isa gida jirgin yana ta ƙwanƙwasa kujerar baya duk lokacin da muka faɗa rami.

Ranar Laraba da yamma na kai masa miyar nama ta kwana uku a robobi, na same shi a gareji ya riga ya yanke wutsiyar jirgin da siririn zarto. Ya ce ya gano matsalar, wutsiya ce ba ta yi daidai da fiffike ba. A nan bai yi ƙarya ba. In wutsiya ta karkata ko da kaurin ashana biyu ne, jirgi zai tafi lafiya lau a miƙe, amma da zarar an ja shi da ƙarfi a kwana sai ya murɗe ya bi inda ya ga dama. Na ajiye robobin na zauna a kan bokitin fenti, don na san ba zai kula ni ba sai ya gama.

Aikin Neville abin kallo ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ya ɗaure gangar jirgin a kan tebur. Ya sa itace biyu masu tsayi ɗaya a ƙarƙashin bakin kowane fiffike har suka zauna daram. Ya kafa fil a tsakiyar hancin jirgin, ya ɗaura zare, ya ja zuwa ƙarshen wutsiya na dama ya yi alama da biro, ya juya zaren zuwa na hagu, alamar ta faɗa daidai. Ya auna tsayin kowane gefe daga tebur da rula, sau biyu, yana motsa baki. Sannan ya kwaɓa gam mai haɗi biyu, wanda ke ba mutum minti talatin kafin ya daskare, ya murɗa agogon girkin Noelene mai siffar kaza ya ajiye a gefe. Ya shafa, ya zaunar da wutsiya, ya tokare ta. Komai ya yi cif. Da a nan ya tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Amma akwai kallon ƙarshe. Babanmu ɗan kwangilar shingen gonaki ne, kuma duk awon da ya yi, ba ya yarda da layin turaku sai ya durƙusa a ƙarshe ya rufe ido ɗaya ya hango. Neville ya gaji wannan. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya waya ta tsinke ta fyaɗe shi a idon hagu, tun daga nan idon ba ya ganin nesa da kyau, don haka kullum shi yake rufewa ya duba da na dama. Kuma idon daman nan ya yi suna. A ƙungiyarmu ba a tayar da sabon jirgi sai an kawo wa Nev ya yi taku uku baya, ya durƙusa, ya hango wutsiya a kan fiffike. Ko dai ya ce "Ya miƙe," ko ya ce "Mai da shi gida." Na ga manyan mutane masu kamfani suna tsaye suna jiran hukuncinsa kamar yara a gaban hedimasta. Bai taɓa barin wani ya duba nasa ba.

Ya yi taku ukunsa zuwa bakin gareji, ya durƙusa, ya rufe idon hagu. Ya daɗe. Sai ya yi tsaki, ya tashi, ya zare tokarin dama, ya danna gefen wutsiyar ƙasa da babban yatsa, ya cusa ɗan siririn katako a mahaɗar. Ya koma ya sake hange.

"Yauwa. Yanzu ya miƙe."

Ban san abin da ya sa na tashi daga kan bokitin ba. Na je inda ya durƙusa, na dafa bango na sauka, gwiwoyina suna ƙara. Ko ido ban rufe ba. Wutsiyar ta karkata dama ƙiri-ƙiri, wanda bai taɓa ganin jirgi ba ma zai gane.

"Nev, ka karkatar da ita."

"Na gyara ta dai."

"Da tana daidai. Zarenka ya ce daidai, rularka ta ce daidai, kai ka zo ka danne ta."

"Tebur yana ƙarya, zare yana miƙewa. Shi ya sa ake dubawa da ido."

"To sake aunawa mu gani."

"Ke, yaushe kika zama mai haɗa jirgi? Shekara arba'in ina wannan aikin. Ke naki ihu ne, kuma shi ma kin fara makara."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ɗaga kai don kada in faɗi abin da zan yi nadama, sai idona ya sauka a kan tsofaffin jiragensa da ke rataye a rufin garejin, sun fi goma sha biyar, duk wutsiyoyinsu suna kallon ƙofa. Na dā duk a miƙe suke tsaf. Na bara waccan ya ɗan karkata dama. Na bara ya fi shi. Na juya na ga katakon ajiye kaya da ya kafa a bango a watan Kirsimeti, shi ma ya gangara dama, har gwangwanayen ƙusa sun taru a gefe ɗaya. Sai fushin ya sake ni, wani abu mai nauyi ya maye gurbinsa. Tsoro ne.

"Yaya," na ce, kuma rabon da in kira shi haka tun muna yara. "Koma ka duba da ɗaya idon."

"Wane ɗaya idon? Mataccen?"

"A taku uku yana gani. Duba kawai."

"Ba zan duba ba."

"Saura minti goma sha biyu gam ya kama."

"To ya kama mana! Ɗauki robobinki in ba za ki bar ni in yi aiki ba."

Ban ɗauki robobin ba. Na zauna muna kallon juna har kazar Noelene ta yi ƙara, gam ya daskare a karkace. Na tashi na tafi gida.

Kwana biyu bai kira ba, ni ma ban kira ba. Ranar Asabar da hantsi waya ta yi ƙara, na ɗauka na ji numfashinsa kawai, sannan ya ce, "Zo." Na same shi zaune a ƙofar gareji a kan bokitin fentin nan, ya rufe idon hagu da tafin hannu yana kallon ginshiƙin fitilar titi.

"Ya lanƙwashe a tsakiya," ya ce. "Ginshiƙin. Da ƙofar gidan maƙwabciyata Doreen. Da layin rubutu a jarida. In na buɗe duka biyun sai su ɗan miƙe, shi ya sa ban lura ba."

"Ba ka lura ba, ko ba ka so ka lura ba?"

"Kin zo taimako ne ko wa'azi?"

Na ce Litinin za mu je wajen likitan ido. Ya ce bayan tsere. Na ce Litinin. Ya ce in aka je Litinin za a rubuta wani abu a takarda, takarda kuma tana da ƙafa, kafin Asabar Rocco ya ji. Ya ce ai mun gano matsalar, wutsiya ce, kuma wutsiya ana gyara ta. Jirgi in ya miƙe ba zai sake tsallaka layi ba. Tsere ɗaya kawai, ya rufe kaka da mutuncinsa, kada a ce dokar da ya rubuta ita ta kore shi.

Na yarda. Na yarda ne saboda maganarsa ta yi kama da gaskiya, kuma saboda na gaji da musu. Amma na kafa sharaɗi: ni zan zaunar da wutsiyar, shi kuma hannunsa a aljihu.

Karo na biyu ke nan da zarto ya bi ta wurin, don haka sai da muka kankare tsohon gam da haƙuri, muka cike inda katako ya cinye. Ya tsaya a kaina yana ba da umarni kamar ban shekara talatin ina kallonsa ba. Fil a hanci. Zare dama, zare hagu. Rula sau biyu. Da na kwaɓa gam ya ce na cika ruwan, da na shafa ya ce na yi rowa. Na zaunar da wutsiya, na tokare, na murɗa kazar. Sai na ga ƙafafunsa sun fara ja da baya da kansu, taku ɗaya, biyu, uku.

"Nev."

"Kallo kawai zan yi."

Ya durƙusa, ya rufe idon hagu. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi.

"Auta, wallahi a karkace take. Gefen dama ya ɗaga. Ɗan taɓawa kaɗan..."

"Aljihu."

"Milimita biyu kawai."

"In ka matso zan shafa maka gam ɗin nan a gemu, ka je tsere da rula manne a haɓa."

Ya yi dariya, ta farko da na ji daga bakinsa a watan nan, amma ba ta daɗe ba. Na tsaya tsakaninsa da teburin da hannuwa a buɗe kamar mai tare akuya daga shanya. Minti talatin ba su taɓa yi mini tsawo haka ba. Ya zagaya ta hagu, na tare. Ya ce zai ɗauko shayi, ya bi ta bayan tebur, na tare. A ƙarshe ya juya mana baya ni da jirgin, ya tsaya yana kallon bango har kazar ta yi ƙara. Tausayinsa ya kama ni sosai, don na san a idonsa ina lalata masa jirgi ne yana tsaye.

Ranar tseren rufe kaka zafi ya sauka tun ƙarfe tara. Rocco ya zo ya zagaya jirgin, ya duƙa ya hango wutsiyar da kansa, abin da ba a taɓa yi wa Neville ba, sannan ya miƙe da sauri kamar wanda aka kama yana leƙen tagar mutane.

"Ya yi kyau, Nev."

"Wa ya tambaye ka?"

Jirage huɗu a layi. Aka ba da minti ɗaya na tayar da inji, namu ya kama a bugu na farko. Na riƙe jirgin ta baya yana fizga kamar ɗan maraƙi, tuta ta faɗi, na sake shi, na ruga da gwiwoyin nan nawa zuwa bayan kafaɗarsa. A can turke na nesa akwai kejin waya inda alƙalai huɗu suke zama suna kunna fitila in jirgi ya wuce. Ranar har da Pina, matar Rocco, a cikinsu. Na zuba ido, na ƙirga a zuci yadda na saba.

"Shirya... yanzu!"

Ya kwantar da shi a gefe ya ja. Jirgin ya zagaya turken kamar an ɗaure shi da igiya, bai sulale ba, bai murɗe ba. Ya dawo ya bi turaku biyun kusa tsaf. Zagaye na biyu haka, na biyar haka. A na bakwai zuciyata ta tsaya cak, ya wuce lafiya. Ina ta "Yanzu! Yanzu!" har muryata ta dushe. Muka gama na biyu, bayan wani matashin likitan dabbobi daga garin Bendigo. Neville ya sauke jirgin a hankali a kan ciyawa, aka yi tafi a rumfa, Rocco ya zo ya rungume shi yana bubbuga masa baya.

Na ji daɗi, ba kaɗan ba. Na ce a raina ashe dai wutsiyar ce, ashe zare da rula sun ishe mu, za mu iya ƙara kaka ɗaya ko biyu. Na je na karɓo mana tsire a burodi, na same shi a bayan motarmu yana goge mai daga fiffike da tsumma. Fuskarsa kuma tana haske kamar ta yaro.

"Kin ga kiran nan naki na yau? Ba ki taɓa yin irinsa ba. Ko sau ɗaya ba ki kuskure ba."

"Yau kuma yabo? Ko zafin rana ne ya taɓa ka?"

"Da gaske nake. Ai da kin kuskure da mun shiga uku, don ni daga rabin fili ba na ganinsa."

Na tsaya da burodi a hannu. "Ba ka ganin me?"

Sai a lokacin ya ji abin da ya faɗa. Ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

"Ba wai ba na gani sam ba. Yana shiga wani ɗan duhu ne a tsakiya, daƙiƙa ɗaya, biyu. In kin ce yanzu sai in ja, sai ya fito ta ɗaya gefen. Hannuna ya san hanya."

"Tun yaushe?"

"Auta..."

"Tun yaushe, Neville?"

"Tun bara."

Na juya na hango kejin waya a turke na nesa. Pina ta fito tana miƙa, tana fifita da hularta. Daƙiƙa biyu a gudun nan ya fi mita ɗari da hamsin. Shekara guda ke nan jirgi mai kilo biyu da farfela kamar wuƙa yana tafiya wajen mutanen nan babu mai ganinsa sai ni, ni kuma ban riƙe komai ba sai murya. Da tari ya sarƙe ni fa? Da ƙuda ya faɗa mini a ido? Na zauna a bakin akwatin motar.

"Na gama kira," na ce.

"Kada ki fara."

"Na gama."

"Jirgin ya miƙe yanzu! Kin gani da idonki. Ba wanda ya sani, ba wanda zai sani. Rocco ya share biyun nan, sabuwar kaka sabon lissafi."

"Ni na sani."

"To in nemi wani mai kiran."

"Nemi. Amma duk wanda ka samu, zan je in gaya masa abin da ka gaya mini, kafin ya sa hular kwano."

Ya dube ni da idanun nan biyu, mataccen da mai mutuwa, kuma ban taɓa ganin ya tsufa haka ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Me zan riƙa yi ranar Asabar?" Na cire hular kwanona na jefa a kujerar baya, na miƙa masa burodinsa, bai karɓa ba. Shekara da shekaru ina mafarkin ranar da zan huta da filin nan, ga ta ta zo, kuma ko kaɗan ban ji daɗinta ba.

Shi da kansa ya gaya wa Rocco, bayan mako guda, ta waya. Likita ya ce ciwon tsakiyar ido ne, an fara yi masa allura duk wata don a tsayar da shi inda yake, amma abin da ya tafi ya tafi. Ni nake kai shi, ni nake dawo da shi. Wata biyu ba ya ce mini komai a mota sai "hagu" da "dama," kamar ban san hanyar gidansa ba. Robobin miya ina ajiyewa a bakin ƙofa, ina dawowa in same su a wanke. Garejin kuwa a rufe, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikin kwaɗon.

Wata Laraba a cikin Yuni, ana yayyafi, na zo da robobina na ga ƙofar garejin a ɗage. Motar likitan dabbobin nan na Bendigo tana waje. Ya kawo sabon jirgi, fari da ja, wai shi ba zai tayar da shi ba sai Nev ya zaunar masa da wutsiya, ko da me aka ce. Na tsaya a bakin ƙofa ba su gan ni ba. Fil a hanci, zare dama, zare hagu. Neville yana bin alamar biro da farce saboda ba ya ganinta sosai, baƙon yana karanta masa rula. Aka kwaɓa gam, aka zaunar, aka tokare, aka murɗa kaza.

Sai ƙafafunsa suka ja baya, taku uku, har ya kusa taka ni. Ya fara lanƙwasa gwiwa, ya tsaya a rabi. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe, ya matsa gefe, ba tare da ya dube ni ba.

"Auta. Zo ki duba."

Na ajiye robobin. Na dafa bango na sauka a kan simintin nan mai sanyi, daidai inda gwiwarsa ta shekara arba'in tana sauka. Na rufe ido ɗaya. Wutsiyar tana kwance a kan fiffike, gefe da gefe, babu ragi babu ƙari.

"Ya miƙe," na ce.

"Kin tabbata?"

"Ya miƙe, Yaya."

Ya gyaɗa kai yana kallon jirgin. "Ni dai a karkace nake ganinsa," ya ce. Ya tura hannuwansa biyu cikin aljihu, ya bar su a can har kazar ta yi ƙara.